Gayyar Alƙalami: Hutun Wata Ɗaliba A Bankin Cimaka

A wani gari na yankin Mayahi, cikin jihar Maraɗi, akwai wata mangaza ta laka mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Ranar da ake buɗe ta a tsakiyar damana, tun kafin hantsi mata suke jeruwa da ƙore da buhunna, domin a lokacin rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Wannan mangaza ita ce bankin cimaka na ƙungiyar matan garin. A bakin ƙofarta, bisa tabarma, wata budurwa ta yi wata biyu tana zama da kaye a cinya da alƙalami a hannu. Awo na wasu ne, karɓar kuɗi na ma'ajiya ne, nata aikin shi ne rubutu.

Ɗiyar garin ce. Tana shekara ta biyu a jami'ar Tawa, ɗaya daga cikin jami'o'i uku da aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma tana karatun tattalin arziki da tafiyar da ma'aikatu. Ta zo hutu gida, sai shugabar ƙungiya ta aiko a gaya wa mahaifiyarta suna roƙon a ba su aron ƴar lakkol, ta duba musu takardu. Babu albashi, babu alkawarin komai. Matan suna kiranta ɗiyarmu, ita kuma tana ce wa kowacce Inna, shugabar kuwa Hajiya.

Aikin taimako ba baƙo ba ne

Kowa ya san gayya a ƙasar nan. In gonar mutum ta fi ƙarfinsa, ko zai ɗaga jinka, maƙwabta sukan taru su yi masa aiki, lada ga Allah. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, matasa suka gina azuzuwa, suka share gari, suka dasa itatuwa. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, da masu aikin sa kai ta tsaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a 1985, ta keɓe ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara domin tunawa da irin waɗannan mutane.

Sai dai in aka ambaci aikin taimako, abin da ke zuwa a zuciya shi ne mai ɗaukar buhu, ko mai haƙa rijiya, ko mai ɗaure rauni. Ba kasafai ake tuna mai riƙe da littafin ƙungiya ba. Aikinsa ba ya da ƙura, ba ya tara ƴan kallo. Amma ƙungiyoyi da dama sun watse alhali hatsi na cikin mangaza, kuɗi na cikin akwati, don kawai an rasa wanda zai iya nuna wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

Yadda bankin cimaka yake aiki

Dabarar ba ta da wuya. Da kaka, hatsi yana da araha, manomi kuma yana sayarwa domin biyan bashi da bukatun gida. Daga watan Yuni zuwa Satumba sai farashi ya hau, mutumin da ya sayar jiya ya koma mai saye da tsada. Bankin cimaka yana sayen hatsi da kaka ya ajiye a gari, in tsanani ya zo ya sayar wa mutanen garin tiya-tiya, ƙasa da kuɗin kasuwa, da ƴar riba kaɗan wadda za ta isa a sake cika mangaza. Irin waɗannan bankuna sun yawaita bayan farin 1973 da 1974 da na 1984, suka ƙara yawa bayan ƙarancin cimaka na 2005, wanda ya biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, ya kuma yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu.

Matan garin sun fara ne da asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu cikin ƙasashe da yawa. Kowane mako a zuba kuɗi cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. A ƙaramin asusu, ƙwaƙwalwa da shaidu sun wadatar. To amma da aiki ya girma har ya kai ga mangaza da buhunna da bashi da hayar amalanke, sai ya fi ƙarfin harda. Ga shi kuma wata ƙungiya mai tallafa musu daga birni ta ce ba za ta ƙara musu hatsi ba sai ta ga lissafin shekarun baya a rubuce.

Kaye uku, hannu uku

Abin da aka ajiye gaban ɗalibar a ranar farko shi ne kwali guda. A ciki akwai takardun shaidar biya da aka cusa cikin gwangwanin madara, wasu ruwa ya taɓa su, wasu gara ta ci gefensu. Akwai kuma kaye uku. Na farko da Faransanci, hannun wani mushen lakkol ne da yakan zo ranar sayarwa ya rubuta abin da aka samu, kafin a yi masa canjin wurin aiki. Na biyu da ajami, wani malami ne ya rubuta sunayen waɗanda suka ɗauki hatsi bashi. Na uku da Hausar boko, hannun wata mata ce da ta gama ajin yaƙi da jahilci, ita ke rubuta wa ma'ajiya ƙananan kuɗin da ake kashewa yau da gobe.

Sai a kwana na uku aka gaya mata ainihin abin da ya sa aka kira ta. Wani saurayi ya taɓa haɗa lissafin, ya tara abin da ya shiga, ya cire abin da ya fita, ya ce ya kamata a ce akwai kuɗi masu yawa cikin akwati fiye da abin da aka tarar. Tun daga ranar magana ta shiga gari. Ma'ajiya dattijuwa ce wadda ta yi shekaru tana riƙe da amana, amma wasu mata sun daina amsa gaisuwarta a bakin rijiya. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta rantse, ta kuma ce in damana ta wuce za ta ajiye mabuɗi. Wasu sun fara cewa a raba abin da ya saura, kowa ta kama gabanta.

Dala da tamma

Ɗalibar ba ta goyi bayan kowa ba. Ta sayi sabon kaye, ta ja layi, ta fara kwafe kowane shafi bisa tsarin kwanan wata. Ajami ba ta iya shi sosai ba, don haka ta riƙa zuwa zauren malamin bayan la'asar, yana karanta mata tana rubutawa. Takardun cikin gwangwani ta shimfiɗa su a inuwa, ta liƙa kowace a bayan shafin da ya dace da ita.

A nan ne ta ga abin da ya wuce wa saurayin. A kaye na uku an rubuta hayar amalanke 400. Takardar shaidar da mai amalanke ya sa wa hannu kuwa ta ce 2.000. Ta duba kuɗin gyaran ƙofa, ta duba na buhunna, ta duba na maganin ƙwari: ko'ina adadin takarda ya ninka na kaye sau biyar.

Mai karatu ya riga ya gane. A kasuwa da gida, da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce ta sefa, dala 200 ita ce jikka guda, wato tamma 1.000. A lakkol da biro kuma da tamma ake rubutu. Mushe ya rubuta kuɗin shiga da tamma kamar yadda aka koya masa. Matar yaƙi da jahilci ta rubuta kuɗin fita da dala kamar yadda ake faɗi da baki. Kowanensu daidai ya rubuta. Wanda ya haɗa lissafin ne ya ɗauki dala 400 a matsayin tamma 400, sai kowace tafiyar amalanke ta bar ramin tamma 1.600 da babu shi. Da aka mai da kome ma'auni guda, mafi yawan kuɗin da ake nema suka fito a kan takarda.

Ba ta kai labarin gida-gida ba. Ta roƙi Hajiya ta kira taro a ƙofar mangaza, a gaban mai gari. Ta ɗauko takardun ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin adadi da dala, tana nuna shi da tamma, tana tambayar wanda aka biya ko haka ne. Mai amalanke ya amsa, maƙeri ya amsa. Ma'ajiya tana zaune a gefe, ta rufe fuska da mayafi, ba ta ce kome ba har aka tashi. Washegari da safe ta aiko wa ɗalibar ƙwaryar fura.

Abin da alƙalami bai iya sharewa ba

Duk da haka lissafi bai rufe sarai ba, domin akwai giɓi na gaskiya. Kashi na farko a wurin awo yake. Buhu mai kilo 100 ana lissafa shi tiya 40, tiya kuwa wajen kilo biyu da rabi. Amma hatsin da aka saya da kaka yana ƙara bushewa, akwai yashi, akwai rabon ƙwari da ɓeraye, akwai kuma gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke zuba wa ƴar'uwa ko maƙwabciya. In kowane buhu ya rasa tiya ɗaya ko biyu, a ƙarshen damana an yi asarar buhunna ba tare da kowa ya saci kome ba. Wannan ba a jami'a ta koye shi ba, matan ne suka koya mata. Shawarar da aka yanke ita ce a ajiye tiya guda ta ƙungiya, a daina gyara, a kuma rubuta adadin tiyar da ta fito daga kowane buhu.

Kashi na biyu bashi ne, kuma nan ne aikin ya taɓa gidansu. Cikin sunayen da malam ya karanta mata akwai na kawunta, wanda ya ɗauki hatsi damana biyu da suka wuce bai mayar ba. Mahaifiyarta ta same ta da dare, ta tuna mata cewa kawun nan ya sa hannu a kuɗin karatunta, ta roƙe ta ta tsallake layin nan guda, ba wanda zai sani. Yarinyar ta kwana ba ta yi barci ba. Ta san in ta goge suna ɗaya, littafin duka ya zama abin shakka, kuma tsohuwar da aka wanke jiya za a sake waiwayarta da zargi.

Da gari ya waye ta je wurin Hajiya da wata shawara. Kada a karanta sunan kowa a taro. A naɗa dattijai mata biyu su bi masu bashi gida-gida cikin sirri, a ba kowa wa'adi zuwa kaka, ya biya da hatsi in ba shi da kuɗi, wanda ya biya a ja layi a kan sunansa a gabansa. Aka amince. Sunan kawu ya tsaya inda yake. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta da sakin fuska, har ta koma makaranta abin bai gama wucewa ba. Bashi hanji ne, in ji masu magana, yana cikin kowa; amma hatsin mangaza na marayu da zawarawan garin ne su ma.

Wa zai riƙe littafi bayan hutu?

Da aka shiga watan Satumba, ɗalibar ta rubuta rahoton da ƙungiyar birni take jira. Ta yi shi da Faransanci domin biro, ta yi shi da Hausa domin masu shi, ta kuma karanta na Hausar a taro kafin a aika da ɗayan. Ta rubuta takardar zaman taro, da ranar, da sunayen waɗanda suka halarta, da shawarwarin da aka yanke, aka sa hannu, masu dangwala yatsa suka dangwala.

Amma ta lura da wani abu: mushe ya yi aiki mai kyau, da ya tafi sai aikin ya tafi da shi. In ita ma ta riƙe alƙalami ita kaɗai, baɗi za a koma gidan jiya. Saboda haka makonni uku na ƙarshe ta sauka daga tabarmar rubutu. Ta zaunar da matar da ta rubuta kaye na uku, da wata matashiya ita ma daga ajin yaƙi da jahilci, ta tsaya a bayansu. Sabon littafin da Hausa yake gaba ɗaya. Kowane shafi gida biyar: rana, dalili, shiga, fita, saura. A saman kowane shafi an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kuɗin da dala ne, a ƙarshen wata kuma a ninka sau biyar a rubuta jimla da tamma domin hukuma. Ƙa'idoji uku ta bar musu: ba a fitar da ko dala ɗaya sai da takarda, a rubuta a take, kada a bari sai gobe, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a kansa, kada a goge, kada a yage shafi.

Wannan hanya tana da tarihi a ƙasar nan. Hukumar UNCC ta bashi da haɗin gwiwar manoma, wadda aka kafa a 1962, ta soma daga tsakiyar shekarun 1960 miƙa wa manoma kasuwannin gujiya a yankunan Damagaram da Maraɗi, aka koya wa ƴaƴan gari awo da riƙe littafi da Hausa, azuzuwan yaƙi da jahilci kuma suka zama matattarar magatakardan ƙauye. Darasin da aka samu a lokacin bai tsufa ba: ƙungiya ba ta zama ta masu ita sai sun iya karanta lissafinta da kansu.

Ga shugabanni da ma'aikata

Dokar 1 ga Maris 1984, mai lamba 84-06, ta shimfiɗa ƙa'idar kafa ƙungiyoyin da ba neman riba ya haɗa su ba: a rubuta dokokin ƙungiya, a bayyana shugabanninta, a nemi izinin hukuma. Samun takardar izini abu ne na rana ɗaya. Riƙe littafi, da ajiye takardu, da kiran taro a kan lokaci, da ba da rahoto, su ne aikin kullum, kuma a nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe, domin ba su da kuɗin ɗaukar akawu. A ɗaya gefen, ga ɗalibai suna zaman hutu da ilimin lissafi a kai, ba su taɓa ganin littafin kuɗi na gaske ba. Haɗa waɗannan biyu ba ya bukatar babban kasafi.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Ɗalibin da ya ba da lokacinsa ba ɗan aike ba ne, kada a mai da shi mai sayo shayi. A faɗa masa aikinsa tun ranar farko, da ranar da zai gama. Kada a ba shi mabuɗin akwati, domin mai rubutu daban, mai ajiya daban, wannan kariya ce gare shi da ƙungiya baki ɗaya. In aikin ya kai shi wani gari, a biya masa kuɗin mota. In ya gama, a ba shi takardar shaida mai sa hannu da hatimi, wadda za ta amfane shi ranar neman aiki. Inda kuma ƙungiya take da halin biyan ma'aikaci, kada ta fake da ɗan sa kai ta hana wani albashinsa.

Su ma ɗalibai akwai nasu. Wanda ya shiga gari yana jin ya fi kowa sani, zai fita bai koyi kome ba. Matan nan ba su san sunan darussan jami'a ba, amma kowace ta san abin da ta zuba a asusu tun shekarar da aka fara, kuma sau biyu suka gyara wa ɗalibar kuskure da ka, aka duba takarda aka tarar su ke da gaskiya. Abin da ya gani a littafi kuma amana ne, ba labarin dandali ba ne.

Ga waɗanda suka gama yaƙi da jahilci kuwa, gida biyar ɗin nan ba su fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya iya rubuta sunansa da ƙirga kuɗin kasuwa ya iya riƙe littafin ƙungiyarsa. Kada a jira sai ɗan lakkol ya zo hutu.

Ɗalibar ta hau motar Tawa a farkon Oktoba, ana cikin girbi. Ma'ajiya ba ta ajiye mabuɗi ba. A makon da ya biyo, ƙungiya ta sayi hatsin farko na sabuwar shekara, masu bashi suka fara kawo nasu a kan jakai. Sabuwar magatakarda ta zauna a bakin ƙofar mangaza, ta buɗe shafi, ta rubuta kwanan wata, ta tambayi mai awo tiya nawa.